Nahawun Faransanci ga mai jin Turanci: kar ka ajiye Hausarka a ƙofa

Mu nan Katsina abin mamaki ne ace Faransanci baƙo ne a wajenmu, daga cikin gari ka hau mota zuwa Jibiya ka wuce Magama sai Ɗan Isa sai Maraɗi, mutanen Daura kuma ta Kongolam suke fita su nufi Damagaram, amma yaro zai yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana maimaita bonjour monsieur ya fito bai iya haɗa jimla ɗaya ta ƙashin kanshi ba. Kuma yaren nan bai tafi ko'ina ba fa. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, ga Benin ga Chadi ga Kamaru duk maƙwabtanmu ne.

Matsalar da nake gani ita ce, littattafai da manhajoji irin su Duolingo an tsara su ne don Bature ɗan Ingila ko Amurka wanda Turanci kaɗai ya sani. Kai kuma yare biyu gare ka. Turanci zai ba ka kalmomi, don tun 1066 da Normawa na arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi Faransanci ya cika Turanci maƙil, shi ya sa nation, important, question, gouvernement duk za ka gane su ba wanda ya koya maka. Sai dai ka yi hattara da masu kama da juna amma ma'ana daban, attendre jira ne ba halarta ba, librairie shagon sayar da littafi ne ba laburare ba, demander tambaya ce kawai ba wani tilastawa. Wajen kalmomi kenan. Wajen nahawu kuwa, wallahi Hausa ta fi Turanci kusa da Faransanci a wurare da yawa, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Fara da jinsi. Bature sai ya yi wata yana mamakin wai ta yaya kujera za ta zama mace, kai kuwa tun kana goye ka san kujera ce, littafi ne. Toh haka Faransanci yake, kowane suna ko namiji da le ko tamace da la. Inda za ka zame shi ne ka ɗauka jinsin Hausa shi ne nasu. Wani lokaci a dace, mota mace la voiture mace, littafi namiji le livre namiji. Wani lokaci kuma a juye gaba ɗaya, rana mace ce a wajenmu amma le soleil namiji, wata namiji amma la lune mace, gida la maison, kasuwa le marché. Don haka kar ka taɓa haddace suna tsirara, kullum da un na namiji ko une na mace a gabanshi. Ka sayi littafin rubutu da biro biyu, shuɗi da ja, kalmar namiji da shuɗi ta mace da ja, za ka ga bayan ɗan lokaci in ka tuno kalma kalar ce ke fara zuwa maka. Ƙarshen kalma ma yana taimako, masu -tion da -té da -ette yawanci mata ne, masu -ment da -age da -eau yawanci maza, amma la page da l'image da l'eau sun ƙi bin layi, kuma le problème namiji ne duk da e ɗin ƙarshe, wannan kam yana kama mutane sosai.

Sifa ma tana bin suna yadda muke yi. Farin littafi, farar riga, fararen riguna, su kuma un livre blanc, une chemise blanche, des chemises blanches. Yawancin sifofi bayan suna suke zuwa, kaman ka ce riga fara, sai ƴan kaɗan irin petit, grand, bon, beau, vieux da ke shiga gaba. Mallaka kuma ka tuna da nawa da tawa, littafin nawa ne rigar tawa ce, wato mon livre da ma chemise. Abin da aka mallaka shi ke juya kalmar, shi ya sa sa mère zai iya zama uwarsa ko uwarta, son père ubansa ko ubanta. Masu tunani da Turanci a nan suke ruɗewa don suna neman his da her babu su.

Akwai ƙananan abubuwa da za ka kwashe a rana ɗaya in ka bi ta Hausa. Korewa gida biyu ce, ne a gaba pas a baya, daidai da ba da ba namu, ban ci ba, je n'ai pas mangé. Vous shi ne ku ɗin da kake ce wa Baba ko Malam ko da shi kaɗai ne, tu kuma na aboki da ƙane, kuma in jandarma ya tsare ka a hanyar Maraɗi ya ce vous allez où, wato ina za ku, kai ma da vous za ka yi mishi magana, kar ka kuskura ka ce tu. On shi ne an ko ana, on dit que wato an ce, on mange wato ana cin abinci, kodayake a hira suna amfani da shi a madadin mu. Il y a akwai, il n'y a pas babu. Shekaru kuma da su kake, j'ai vingt ans, ina da shekara ashirin, haka yunwa da ƙishirwa j'ai faim, j'ai soif, ba je suis ba kaman yadda Turanci zai ja ka.

Toh yanzu ga inda babu mai ceton ka, ba Hausa ba Turanci, wato aikatau. A Hausa ci yana nan ci, na ci ka ci sun ci, a Faransanci kuwa wutsiyar aikatau ce ke canzawa da kowane mutum. Shawarata ka fara da guda huɗu ka haddace su kaman karatun allo da baki da ƙarfi, être, avoir, aller, faire, don ba sa bin ƙa'ida kuma kusan ba a jimla uku ba ɗayansu. Daga nan sai masu ƙarewa da -er, su ne mafi yawa a yaren kuma duk hanya ɗaya suke bi. Wani sauƙi da ba a cika gaya wa mutane ba, je parle, tu parles, il parle, ils parlent duk furuci ɗaya ne, parl, bambancin a rubutu yake kawai, nous parlons da vous parlez ne kaɗai kunne ke jin daban. Lokaci mai zuwa kar ka wahalar da kanka tukuna, aller da aikatau ya ishe ka, je vais manger, zan ci.

Lokacin da ya wuce shi ya fi cin rai, kuma kashi biyu ne. Passé composé shi ne na ci, na je, abu ya faru ya ƙare. Imparfait shi ne ina ci ko nakan ci a da. Duba wannan, ina barci ya shigo, je dormais quand il est entré, barcin yana cikin tafiya shigowar ta katse shi. Ko lokacin ina yaro nakan je makarantar allo, quand j'étais petit j'allais à l'école coranique. In ka tsaya neman wannan ta Turanci za ka sha wuya, in ka fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyarka sai ka ga amsar ta fito da kanta. Abin lura, yawancin aikatau avoir suke ɗauka, j'ai mangé, amma wasu ƴan tsiraru na zirga-zirga da haihuwa da mutuwa être suke so, aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, rester, tomber, naître, mourir da ƴan uwansu, kuma da être sai aikatau ya bi jinsi, il est parti amma elle est partie. Gwada da abin da ya faru a gidanku jiya, ma sœur est allée au marché, elle a acheté des tomates, elle est rentrée à midi. Jimla uku irin wannan kowane dare kafin ka kwanta sun fi maka awa biyu na danna waya.

Wakilin suna kuma gaban aikatau yake zuwa, na gan shi amma je le vois ko je l'ai vu, na ba shi kuɗi je lui ai donné l'argent. Wannan sai da maimaici, ba wata dabara. Subjonctif da ake tsorata ɗalibai da shi ka bar shi sai can gaba, in ka iso ma za ka ga ka san shi, bambancin ina tafiya da dole in tafi ne, je vais da il faut que j'aille. Lambobi ne dai sai haƙuri, 70 sittin da goma ne, 80 huɗu sau ashirin, 90 huɗu sau ashirin da goma, ka riƙa karanta lambobin wayar da ke cikin wayarka bibbiyu bibbiyu yadda suke yi.

Wajen sauraro RFI na da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci, Journal en français facile, kuma ana samun rubutun a shafinsu, ka fara jin labaran duniya a sashen Hausa sannan ka saurari wancan, tunda ka riga ka san zancen sai hankalinka ya koma kan ginin jimla. Ƴan Nijar kuma ga su nan cike da gari, amma ka nemi wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, sosai, ka ce mishi don Allah ɗan'uwa in na yi maka Faransanci kar ka mayar mini da Hausa, don da ya ga kana in'ina zai tausaya maka ya juya. Za ka ji yana cewa je sais pas ya haɗiye ne ɗin nan na korewa, haka ake yi a baki har a Faransa, amma a takarda sai ka rubuta shi cikakke. In shaidar takarda kake so don aiki ko karatu, jarrabawar DELF ce, matakanta daga A1 na ƴan farko zuwa B2, cibiyoyin Alliance Française ke shirya ta kuma akwai ɗaya a Kano, ka tambayi rana da kuɗin rajista tun da wuri, kuma ka fara da A2 in dai passé composé ya zauna maka.