Darasi na 7: Miƙa Jiki Don Gaɓoɓi Su Saki

Tela na wuni a kan keken ɗinki, direba a kan kujerar mota, mai wanki kuma a duƙe. Idan jiki ya daɗe a yanayi ɗaya, tsoka takan ɗaure. Sai mutum ya tashi ya ji ƙugu ya riƙe, wuya ya sage, har ruku'u ma ya zama aiki. Girma yana ƙara wannan matsala, amma miƙa jiki a kai a kai tana rage ta.

Kada ka fara miƙa kafin jikinka ya ɗumama. Ka yi tafiya ta minti 5 zuwa 10 tukuna, ko da zagayen tsakar gida ne. Tsoka kamar fatar da aka jeme take: in an shafa mata mai aka murza ta sai ta lanƙwasu, in ta bushe sai ta tsage.

Ga miƙar sha-raɓa. Ka fuskanci bango, ka dafa shi da hannu biyu. Ka kai ƙafar dama baya, a miƙe, dunduniya na manne da ƙasa. Ka lanƙwasa gwiwar hagu, ka matso gaba a hankali har ka ji sha-raɓar dama tana ja. Tsaya nan, ka ƙirga daga 1 zuwa 30 kana numfashi yadda ka saba. Sai ka sauya ƙafa. Yawancin mutane a nan suke kuskure: suna ɗaga dunduniya, ko su riƙa jijjiga jiki gaba da baya. Duka biyun ɓata aiki ne, jijjigar ma tana iya jawo rauni.

Wuya kuwa, ka karkatar da kunne zuwa kafaɗa, kada kafaɗar ta ɗago. Dattijai su riƙe kowace miƙa har sakan 60 in za su iya. A yi aƙalla kwana 2 ko 3 a mako.

Ja kaɗan shi ake nema. Da zarar ka ji zafi mai suka, ka daina. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Mai targaɗe, ko karaya, ko kumburin gaɓa, ko wanda ciwon baya ke saukar masa ƙafa, ya fara ganin likita.

Aikin gida: Rubuta ranakun da ka yi miƙa a wannan makon, da gaɓar da ta fi maka tauri. Ka zo da littafinka aji.