Yadda za ka gane ɗan takarar shugaban ƙasa ya goge ne ko daɗewa kawai ya yi

Musun wane ɗan takarar shugaban ƙasa ne ya fi gogewa ba ya ƙarewa a teburin mai shayinmu na Bauchi Road, balle da sanyin Jos in an idar da Isha kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi ya rungume kofi. Wannan ya ce gwaninsa ya yi gwamna sau biyu, wancan ya ce ai nasa shekara takwas ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa, can wani yaro ya taso ya ce duk tsofaffi ne su matsa su ba matasa wuri. Ni dai ihun ya ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake auna abin ko zai yi wa wani amfani.

Ka fara da doka don kar a raina maka hankali. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 abu huɗu kacal ya nema: ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Shikenan. Babu inda aka ce sai ya taɓa yin ko kansila. Wato doka ta bar mana aikin tantancewa ne ni da kai. Abin da ɗan takara ya faɗa game da kansa yana cikin fom ɗin EC9 da yake cikewa da rantsuwa ya miƙa wa INEC, makarantun da ya yi da wuraren da ya yi aiki, kuma hukumar tana fitar da shi jama'a su gani. Ka nemi wannan ka karanta, ya fi fosta gaskiya don ƙarya a cikinsa tana kai mutum kotu.

To sai ka samu takarda da biro ka jera muƙaman da ya riƙe, gaban kowanne ka rubuta tambaya ɗaya: a wannan kujerar wane hukunci ne ya yanke da kansa wanda in ya ɓaci shi za a zaga? Nan za ka ga jerin ya fara raguwa. Sanata ya san yadda ake yin doka da yadda ake lallashin abokan aiki, amma bai taɓa kwana da zullumin albashin ƙarshen wata ba. Mataimaki yana ganin komai amma ba kullum ake ba shi biro ya sa hannu ba, ya danganta da maigidan. Minista ma'aikata ɗaya ya sani. Ɗan kasuwa ya iya lissafin riba, sai dai a kamfaninsa in ya kori mutum ya koru, a gwamnati kuwa kafin ka cire darakta ɗaya sai ka yi gumi. Soja ya saba ya faɗa a yi. Gwamna shi ya fi kusa da aikin, shi ya sa tun 1999 yawancin waɗanda suka hau tsofaffin gwamnoni ne, 'Yar'aduwa daga Katsina, Jonathan daga Bayelsa, Tinubu daga Legas, amma shi ma gwamnan akwai inda gogewarsa ta tsaya, zan zo wurin.

Akwai wani dattijo tsohon direban babbar mota da ke zama da mu, ba ya cika magana, ranar da musun ya yi zafi sai ya ajiye kofinsa ya dubi yaron da ke ta lissafa muƙamai ya ce, “Kai yaro, mai tasin da ya shekara ashirin yana Terminus zuwa Bukuru direba ne, amma za ka ba shi tirela cike da siminti ya sauka Hawan Kibo?” Yaron ya ce, “A'a Baba.” Ya ce, “To mu a tasha ba ma tambayar mutum shekararsa nawa a sitiyari, muna tambaya ne ranar da burki ya tsinke me ya yi.” Wallahi tun ranar na canza yadda nake kallon 'yan takara.

Don haka ka nemo ranar da burkinsa ya tsinke. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayani ba, mun ga 7 ga Satumba 2001, mun ga Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, mun ga Janairu 2010, mun ga dokar ta-ɓacin da aka sa wa Filato a Mayu 2004 har aka dakatar da gwamna wata shida, mun san bambancin shugaban da ya zo ya tsaya cikin mutane da wanda ya aiko takardar jaje daga Abuja. Duk wanda ya riƙe mulki ya taɓa haɗuwa da irin tasa ranar, ko rikici ko ambaliya ko yajin aiki ko kuɗin FAAC, wato kason da ake raba wa jihohi daga asusun tarayya, ya faɗi. Ka bincika ina yake a ranar, ya yi magana da bakinsa ko ya ɓuya bayan mai magana da yawunsa, ya zauna da ɓangaren da ba su zaɓe shi ba ko nasa kawai ya kira. 'Yar'aduwa ranar da aka rantsar da shi a 2007 ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai shari'a Uwais, a 2009 kuma ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa don a ajiye makami. Jonathan ya ɗaga waya ya kira Buhari a 2015 tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ko kana son su ko ba ka so irin wannan ake nema a tarihin mutum, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai batun kuɗi, kuma nan ba sai kana da digiri ba. In tsohon gwamna ne ka shiga intanet ka duba shafin DMO, ofishin kula da basussuka, ka ga bashin jiharsa shekarar da ya hau da shekarar da ya sauka. NBS kuma, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, tana fitar da harajin da kowace jiha ke tarawa. Bashi shi kaɗai ba laifi ba ne, tambayar ita ce me aka yi da shi, akwai shi a ƙasa ana gani? Amma hanyar da na fi yarda da ita ta fi wannan sauƙi, Jos babu jihar da ba ta da mutane a ciki. Ka je Farin Gada wajen masu kayan gwari, ka je Dilimi wajen masu kayan gyaran mota, ka je Katako, ka samu ɗan jihar wanda ba ɗan kamfen ba ne ka tambaye shi zamanin wane malaman firamare suna samun albashi kan lokaci? 'Yan fansho fa, an biya giratuti? Asibitin garinku akwai likita? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambayi mutum uku ko huɗu, kar ka tsaya kan ɗaya don wataƙila kwangila ya nema bai samu ba.

Yanzu inda na ce gogewar gwamna ta tsaya. Majalisar jiha kamar tamu ta Filato mutum 24 ne, kuma a jihohi da yawa gwamna in ya yi tari sai su ce Allah ya ƙara lafiya. A Abuja sanatoci 109 ne da 'yan majalisar wakilai 360, kowa da ubangidansa da lissafinsa. Obasanjo da ya taɓa mulkin ƙasar nan a kaki daga 1976 zuwa 1979, majalisa ta tsallake shi ta zartar da dokar NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, a 2000, a Mayu 2006 kuma majalisar dattawa ta binne gyaran tsarin mulkin da ke ɗauke da tazarce. To ka tambayi kanka ɗan takararka ya taɓa cin nasara kan mutanen da ba zai iya kora ba? Ya taɓa haɗa kai da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba? Don kafin ma ya hau sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a jihohi aƙalla 24, in ya hau kuma dole ya ɗauki minista daga kowace jiha.

Ka duba mutanen da ya taɓa ɗaukowa, wannan ma gogewa ce, wataƙila ita ce babba. Ngozi Okonjo-Iweala da aka ɗauko a 2003 ita ta ja ragamar tattaunawar da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005. Buhari kuwa ya yi gwamna, ya yi kwamishinan man fetur, ya yi kwamandan runduna ta uku a nan Jos, ya yi shugaban ƙasa na soja, ya yi shugaban PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, duk da haka an rantsar da shi ƙarshen Mayu 2015 ministoci ba su kama aiki ba sai Nuwamba. Yanzu an gyara tsarin mulki, kwana 60 aka ba shugaba ya miƙa sunaye. Ka kuma lura yaushe aka yi gogewar, Najeriya mai jihohi 19 ba ita ce mai 36 ba.

Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon, na yi wa wani ɗan takarar majalisa yawon kamfen gida-gida saboda muƙaman da ya riƙe sun cika bayan fosta, shekara huɗu ko a jana'iza ba mu gan shi ba.

In ɗan takarar sabon shiga ne kar ka yi saurin jefar da shi. A Amurka James Buchanan ya yi sanata ya yi sakataren harkokin waje ya yi jakada a Rasha da Ingila, yau ana lissafa shi cikin mafi rauni a shugabanninsu, wanda ya gaje shi Abraham Lincoln zango ɗaya tak ya yi a majalisar wakilai kuma shi ya riƙe ƙasar lokacin yaƙin basasa. Gowon ɗan Filato yana da shekara 31 ya hau a 1966. Senegal ta zaɓi Bassirou Diomaye Faye a 2024, jami'in haraji ne ɗan shekara 44. Amma samari ku ji ni da kyau, rashin riƙe muƙami ba shi ne tsarki ba, shi ma sai a tambaye shi me ya taɓa gudanarwa, mutum nawa suka ci abinci ƙarƙashinsa, ƙungiya ce ko kamfani ko makaranta, kuma da ya bar wurin ya tsaya ko ya rushe.

In ka gama cike takardar gwaninka sai ka juya bayanta ka yi wa wanda ba ka so irin tambayoyin sak, ba ƙari ba ragi. Na gwada a teburin shayi makon jiya, na miƙa wa Alhajin da ya fi kowa ɗaga murya biro na ce, “Alhaji bisimilla, rubuta mana ranar da burkin gwaninka ya tsinke.” Ya juya biron ya juya, ya ce sai ya yi bincike tukuna, ya kira mai shayi ya ƙaro masa madara.