Kafin katafila ta shiga fili a karkara

In za ka gina makaranta, asibiti ko rumbun ajiya a bayan gari, ka sa a duba ƙasar ko akwai kayan tarihi a binne kafin birkila ya ja igiyar harsashi. Ni dai da tsofaffin gari nake farawa. Dagaci da manoman da suka daɗe suna kaftu a wurin sun san inda kufai yake, inda tsohuwar maƙabarta take, da inda garma ke tono tsingaro duk damina. Babu taswirar da za ta gaya maka wannan.

Daga nan sai tattaki. Ku jeru, tsakaninku taku biyar zuwa goma, ku ratsa filin ido a ƙasa. Na fi son bayan ruwan farko, ƙasa ta wanku kuma ciyawa ba ta rufe ba. Ana neman tsingaro, dutsen niƙa, gatarin aradu (gatarin dutse na mutanen da), da kashin maƙera, wato baƙin dunƙule mai nauyi da ramuka da ke nuna an narka tama a wurin. Tudun da ya tashi shi kaɗai a fili, kukoki a cure, ramukan marina da suka cike, duk alamu ne. A leƙa bakin kwazazzabo, don zaizaya ta riga ta yanka maka ƙasar kyauta.

In an ga alama, a kafa turke, a ɗauki hoto, a rubuta wurin da GPS na waya. Kada a ciro komai. Nan mutane suka fi yin ɓarna, kuma abin yana ci mini rai. Zurfin da abu yake, da gawayin da ke kwance kusa da shi, su ke ba da shekarunsa a ɗakin gwaji. Da zarar an tsame tukunya an wanke ta, labarinta ya tafi. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Yobe, an bar shi a ramin har masana suka fito da shi a 1994, aka kuma gano ya kai kimanin shekara 8,000. Yawancin gumakan yumɓu na Nok (ƙauye a kudancin Kaduna) kuwa, tun na farko da masu haƙar kuza suka tono a 1928, an fizgo su ne ba tare da an rubuta inda suke kwance ba.

Haƙan gwaji ba aikin leburorinka ba ne. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma hana cinikinsu. Ka kai rahoto gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Jos, ko ka tuntuɓi sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Su za su yanka ƙananan ramuka, mita ɗaya ko biyu, su sauka a hankali suna tankaɗe ƙasar da rariya.

Sau da yawa maganar ba ta wuce a matsar da ginin gefe a killace tudun. In ba hali, a tono a rubuta komai tukuna, sannan wani masani ya tsaya a bakin rami ranar da za a haƙa harsashi.