Yadda ake bin sawun attajirin Holan mai tara kayan tarihi ta takardun da ya bari

Attajiran Amsterdam na ƙarni na 17 ba su cika rubuta labarin kansu ba. Takardun aure da na bashi da na gado suka bari, don haka mai son sanin rayuwar ɗayansu gara ya faro daga mutuwarsa, inda takarda ta fi yawa. Gerard Reynst (1599–1658) ya isa misali. Shi da ƙanensa Jan, wanda ke zaune a Venice, suka sayi babban kaso na tarin Andrea Vendramin, wani mai tara kayan tarihi a Venice, bayan rasuwarsa a 1629, aka kawo gumakan marmara da zane-zane gidan Gerard a titin Keizersgracht na Amsterdam.

Kafin komai, tabbatar da mutumin. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mahaifin Reynst shi ma Gerard ne, gwamna janar na VOC, kamfanin kasuwancin Holan a Asiya, wanda ya rasu a 1615, kuma mai gaggawa kan haɗa su ya mai da su mutum guda. Rubutun suna ma bai tsaya wuri ɗaya ba: Gerard ko Gerrit, Reynst ko Reijnst. Nemi rajistar sanarwar aure, ondertrouw, a Stadsarchief Amsterdam, ma'ajiyar takardun birnin. Tana ba da shekarun ango, unguwarsa, wanda ya tsaya masa, da sa hannunsa. Riƙe hoton sa hannun nan, da shi za ka gwada duk wata takarda da ta biyo baya.

Daga nan sai lissafin kayan mamaci, wato boedelinventaris. Yawancinsu suna cikin takardun notaris, masu rubuta yarjejeniya da izinin hukuma, ƙarƙashin lamba 5075 a ma'ajiyar. In mutumin ya karye ne, duba Desolate Boedelkamer, ofishin da aka kafa a 1643 don dukiyar waɗanda bashi ya cinye. Nan aka rubuta kayan mai zane Rembrandt a 1656, har da kawunan sarakunan Rum. Rumbun bayanai na Montias na gidan tarihin Frick Collection da ke New York ya tara lissafi 1,280 na shekarun 1597 zuwa 1681 a intanet, yana rage wahala ƙwarai.

Magatakarda ɗaki-ɗaki yake bi yana rubutawa, kuma kai ma kada ka wargaza tsarin. Gunkin da aka ajiye a zauren karɓar baƙi darajarsa a wurin mai gida daban take da wanda aka jefa a ɗakin sama. Amma fa magatakardan ba masanin kayan tarihi ba ne. In ya rubuta "kan wani sarkin Rum", abin da aka faɗa masa ke nan. Sunayen da masu tarin suka laƙaba wa gumakansu, Sarki Nero ne ko Sarauniya Faustina na Rum, da yawa dillalai ne suka raɗa don farashi ya tashi. Rubuta sunan yadda ka same shi, ka sa alamar tambaya a gefe.

Kuɗi da kwanan wata na buƙatar natsuwa. A kuɗin Holan na lokacin, gulda ɗaya stuiver 20 ce, stuiver ɗaya penning 16, fam ɗin Flanders kuwa gulda 6. Wanda ya karanta fam a matsayin gulda ya rage darajar kaya ninki shida. Lardin Holland ya koma kalandar Gregori a 1583, Ingila sai 1752, shi ya sa wasiƙar Landan ta ƙarni na 17 take bayan ta Amsterdam da kwana 10. A takardun hukumar Venice shekara na farawa ran 1 ga Maris, don haka Fabrairun 1629 a can Fabrairun 1630 ne a lissafinmu.

Bayan mutuwa tari kan watse, sai ka bar bin suna ka koma bin kayan ɗaya-ɗaya. A 1660 majalisar Holland ta sayi zane 24 da gumaka 12 daga matar Reynst kan gulda 80,000, ta ba Sarki Charles na Biyu na Ingila kyauta. Dillali Gerrit Uylenburgh ya tura wa Friedrich Wilhelm, mai mulkin Brandenburg a Jamus, zane 13 daga tarin a 1671, aka ce na jabu ne aka maido, rigimar da ta sa har mai zane Vermeer ya ba da shaida a 1672. Irin wannan taƙaddama ganima ce ga mai bincike, domin kowane ɓangare sai ya kwatanta kayan dalla-dalla a gaban notaris. Wasu gumakan sun shiga hannun Gerard van Papenbroek, wanda ya rasu a 1743 ya bar wa Jami'ar Leiden tarinsa, kuma yau suna gidan tarihin Rijksmuseum van Oudheden da ke Leiden.

Wajen gwada tsohon zanen bugu da gunkin da ke gidan tarihi, tuna cewa bugun farantin tagulla kan juya hoto, hannun dama ya koma hagu. Hanci, hannuwa, wani lokaci har kai, ƙari ne na masu gyara, kuma mai yiwuwa an cire su daga baya. Dogara da naɗin tufafi, layin karaya da tsayin gangar jiki, ka rubuta lambar da gidan tarihin ya ba gunkin kusa da lambar shafin da ka samo shi.