Yadda ake riƙon laimar takarda ta Japan a daminar Kaduna

Duk wanda laimar gargajiya ta Japan, wadda suke kira wagasa, ta shigo hannunsa, ko tsaraba aka kawo masa ko saya ya yi don hoton biki, ya sani ba a riƙe ta kamar laimar leda ta Kasuwar Barci. Yawancin ɓarnar da ke samunta daga hannun mai ita ne, ba daga ruwan sama ba.

A fara da sanin jikinta. Laimar kanti yawanci tsinke 8 ne da ita na ƙarfe. Wagasa kuwa tsinkayenta na gora ne, daga 30 zuwa 70 gwargwadon girma. Gora ɗaya ake tsagawa, a jera tsinkayen yadda suke a jikin gorar, shi ya sa in an rufe ta take komawa sumul kamar ba a taɓa tsaga ta ba. Tsinkayen suna shiga cikin wasu dunƙulen itace guda 2 masu tsaga-tsaga, ana ce musu rokuro: ɗaya a kafe yake a sama, ɗaya yana hawa da sauka a jikin sanda. Rufin takarda ce mai suna washi, daga ɓawon bishiyar kozo, ana manna ta da sitacin rogo, sannan a shafa mata man shuka mai bushewa a shanya ta a rana. Zaren launi-launi da ake saƙawa a ciki ba ado kaɗai ba ne, yana riƙe ƙananan tsinkayen kada su buɗe fiye da ƙima. Cibiyar sana'ar tana birnin Gifu, a wata unguwa da ita ma sunanta Kano.

Kafin ka shiga ruwa da ita, tabbatar da irin wadda kake da ita. Nau'in da ake kira bangasa da janome na ruwa ne, an shafa musu mai, za ka ji warinsa, takardar kuma tana ɗan sheƙi. Wadda ake kira higasa kuwa ta rana ce, ba mai a jikinta. Yayyafi kaɗan ya isa ya lalata ta.

Wajen buɗewa, juya kanta ƙasa, ka ɗan girgiza ta a hankali har tsinkayen su saki da kansu, sannan ka sa hannu ciki ka tura rokuro sannu a hankali. In ta jima a rufe, man yakan sa ninkin takardar ya manne. Kada ka fizga; bi ninkin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Fizga ita ce ke tsaga takarda daga gindin tsinke. A rufe kuma, kanta ake sa wa sama, a riƙe ta ta igiyar da ke can ƙololuwa, mariƙi yana ƙasa. Wanda ya juya ta yadda aka saba da laimar kanti, ruwa zai gangara ciki ya taru a rokuro na sama, itacen ya ruɓe. Kada a jujjuya ta kamar katantanwa don kakkaɓe ruwa.

Iskar da ke gaban hadari a watan Mayu da Yuni, wadda ke kwashe rufin kwano, ba ta wagasa ba ce. A rufe ta a nemi mafaka. Ruwan Agusta mai sauka tsaye shi ne nata.

Shanya ita ce babbar magana. Bayan ruwa, a buɗe ta rabi a baranda ko zaure mai iska, a inuwa, har ta bushe sarai, ko da zai kai kwana. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi, kada a goge ta da tsumma. In an rufe ta da danshi za ta yi fumfuna ta manne. In an bar ta a rana launi zai koɗe, man ya yi saurin taurarewa. Saboda haka barin ta a cikin mota da zafin Maris kuskure ne babba.

Da hunturu ya kama, a kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, daga sama zuwa baki, a naɗe ta da yadin auduga, a rataye ta nesa da bango mai gara. Ban da jakar leda. Kyankyasai na son sitacin, sai a riƙa dubawa, a kuma buɗe ta sau ɗaya a wata ta sha iska. Ƙaramar yagewa ana toshe ta daga ciki da guntun washi da ɗan sitaci; salatif yana ɗaye takardar ne in an zo cire shi.

Mai son laimar yau da gobe ya nemi ta yadin Koshu, saƙar yankin Yamanashi, inda ake rina zare kafin a saƙa, don haka launin a cikin saƙar yake. Ita ma a inuwa ake shanya ta, a kuma naɗe ta ba tare da murza yadin da tafin hannu ba, domin maiƙon hannu yana rage mata ƙarfin korar ruwa.