Yadda zaka zabi manhajar kago in kana hada kayan mutane daga Chana

Duk mai hada kago daga Gwanzu zuwa Kano yasan wannan ciwon kan, Alhaji ya kiraka karfe goma na dare yace ina kwalayena, kai kuma kana ta lalube a WhatsApp cikin hotunan rasit kusan dari biyu. Ni akwai lokacin da kwali 14 na wani dan Kwari suka bi kayan wani dan Sabon Gari saboda sunansu daya a jikin kwali, sati uku muna fama kafin a gano. Tun daga ranar na ajiye littafi gefe na koma manhaja.

Kafin ka biya ko sisi, duba ko manhajar tana baiwa kowane kwastoma lambarsa ta dindindin. Suna baya aiki, Musa nawa ne a Kwari? Lambar nan ita yaran sito zasu rubuta a kwali tun a Chana, su dauki hoto su saka a ciki, sannan duk kwalin a daure shi da lambar kwantenar da ya shiga. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, irin MSCU na kamfanin jirgi MSC ko CMAU na CMA CGM, da ita zaka duba inda jirgi yake a shafin kamfanin.

Sai CBM, wato awon gurbin da kaya suke ci a kwantena, nan ne rigima take. Tsawo sau fadi sau tsayi a mita, kwali mai santimita 60 da 40 da 50 ya zama 0.12 kenan. Manhajar ta lissafa da kanta kuma ta nunawa mai kaya awon, don in ba haka ba sai yace an kara masa. Doguwar kwantena mai kafa 40, wadda ake kira high cube, a takarda tana cin wajen CBM 76, amma kar ka sayar da gurbi har 76 din, kwalaye basa zama daram.

Abinda ni yafi damuna shine dimorej. Kwantena ta sauka tashar Apapa ko Tin Can a Legas, kwanakin kyautan da kamfanin jirgi ya baka suna karewa kudi ya fara hawa kullum, ga kudin ajiya na tasha daban. Manhajar da bazata buga maka kararrawa kafin kwanakin su kare ba, ni kam ban ga amfaninta ba. Ta kuma samu wajen ajiye BL (takardar shaidar daukar kaya daga kamfanin jirgi) da Form M (fom din shigo da kaya da ake budewa ta banki) da PAAR (rahoton kwastam na kimanta kaya) na kowace kwantena, duk da shigar da kaya a kwastam aikin ejan mai fito da kaya ne a B'Odogwu, manhajar kwastam.

Kudi kuma uku kake juyawa, yuwan da dala da naira, to ta rike canjin ranar da mutum ya biya. Kuma yaron ofis ya iya shigar da biya amma kar ya iya gogewa, ka gane ai.

Manhajar CargoWise da irinta na manyan kamfanoni ne, da dala ake biya. In kwantena biyu uku kake yi a wata Google Sheets ma ya isheka ka fara, ko ka samu mai hada maka manhajar Odoo, akwai na kyauta. Duk wanda ya kawo maka talla kace ya baka gwaji, ka dauko tsohuwar kwantenar da ta baka wahala ka shigar da ita gaba daya a wayarka da netwok din cikin kasuwa, ka tambayeshi kuma in ka tashi barinsu zasu baka bayananka a Excel ko a'a.