Yadda za ka gane waƙar sujada ta gargajiya

Na daɗe ina koyar da mawaƙa a ikilisiya, kuma babu gardamar da ta fi dawo mini kamar ta "mu koma waƙoƙin gargajiya". In an kawo maka ita, ɗan'uwa, kada ka yi saurin ɗaukar ɓangare.

Fara da tambayar mai maganar: gargajiyar wa, kuma tun yaushe? Sau da yawa waƙoƙin da ya taso ya ji iyayensa na rerawa yake nufi. Abin girmamawa ne, sai dai shekarunsu ba su kai yadda yake zato ba.

Daga nan ku buɗe littafin waƙoƙi tare, ku nemi shekara. Isaac Watts, wani marubucin waƙoƙin sujada, ya fitar da nasa a Ingila a 1707, lokacin da ikilisiyoyi da yawa ba sa rera komai sai Zabura, aka kuwa ɗauki aikinsa baƙon abu. Kafin shi John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, bai yarda da kayan kiɗa a sujada ba sam, Martin Luther kuma, wani jagoran nasu, tun 1524 yana da waƙoƙin da jama'a ke rerawa da Jamusanci. Duka yau "na da" ake ce musu.

Ka raba kalmomi da karin waƙa, domin ba lallai ba ne shekarunsu ɗaya. Kalmomin "Amazing Grace" na John Newton sun fito a 1779, amma karin da muka sani sai a 1835 aka haɗa su da shi a Amurka. Haka kayan kiɗa. Ogan, wato abin kiɗan nan mai madannai kamar piyano, wanda wasu ke gani shi ne asali, sai wajen ƙarni na 10 ya fara shiga majami'un Turai, kuma har gobe yawancin ikilisiyoyin Otodoks da murya zalla suke waƙa.

Ni in zan tsara waƙoƙin Lahadi, ba na rasa Zabura ɗaya ko waƙar Maryamu ta Luka 1, don su ne tsofaffin gaske. Sai in ƙara tsohuwa daga littafi, da sabuwa guda. Sabuwar ina auna kalmominta da Littafi Mai Tsarki, sannan in saurari dattijuwar da ke zaune can baya. In an maimaita sau biyu ba ta kama ba, nakan ajiye waƙar sai mun koya wa jama'a ita a hankali.